Malamina ya ce za a yi amfani da ni a soki Shari'a: in karɓi gurbin karatun ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, ina koyar da fiƙihun mu'amala. Digirina na farko a Shari'a na yi shi, na biyu kuma a dokokin ƙasa da ƙasa. Na taɓa yin aikin sa kai a wani sansanin 'yan gudun hijira, inda mata suka riƙa zuwa suna tambayata matsayin aurensu, saboda mazajensu sun ɓace, ba a san ko suna raye ba. Tun daga nan zuciyata ta karkata ga bincike a kan mafaka da haƙƙin tsiraru a Shari'ar Musulunci. Yanzu wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin digiri na uku da tallafin shekara uku, a hannun wata farfesa wadda ba Musulma ba ce. Da na kai wa malamina labari, wanda a gabansa na sauke Risala da Muhtasar, sai ransa ya ɓaci. Ya ce irin wannan karatu tarko ne, za su ba ni kuɗi su sa ni in soki Shari'a da bakina. Mahaifina kuma ya fi son in karɓi wani aikin kotu da aka yi mini tayi. Matata ba ta ce uffan ba, amma ina ganin damuwa a fuskarta. Yaranmu biyu, kuma takardar tallafin ba ta ambaci iyali ba. Ni kaina akwai maganganun malaman fiƙihu a kan ahlul zimma, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin mulkin Musulunci, da ban san yadda zan yi da su ba idan aka tare ni da su a can. Ga shi ana ce mini fannin ba shi da kasuwa. In tafi ko in haƙura?

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah ya ƙara maka basira, ya saka maka da alheri a kan hidimar da ka yi wa waɗannan bayin Allah.

Tun da fari zan gaya maka inda na karkata, don kada ka karanta sauran maganar kana lalube. Ina ganin ka karɓi gurbin. Amma ba a halin da kake ciki yau ba, malaminka na fushi, matarka ta yi shiru, kai kuma kana ɗauke da tsoron wasu shafuka na littattafan da ka taso a cikinsu. Wannan tsoron da ka ajiye can kusa da ƙarshen wasiƙa shi ne ya fi komai ɗaukar hankalina, domin shi ne ya sa maganar Malam ta yi maka nauyi haka. Da zuciyarka ta natsu a kan waɗancan shafukan, da ka saurare shi cikin ladabi ka ba shi amsa. Ya faɗi abin da kai ma kake faɗa wa kanka da daddare ne.

Kada ka ɗauki Malam a matsayin tsoho mai gudun sabon abu. Abin da yake tsoro yana faruwa. Akwai tallafin bincike da ke zuwa da amsarsa a aljihu, mai nema kawai ake jira ya sa hannu. Akwai kuma matasan masana da suka gane cewa hanya mafi sauri ta samun gayyata zuwa taruka ita ce mutum ya zama wanda ya fito daga cikin gida yana tona asirin gida. Malam ya ga irin waɗannan, ko ya ji labarinsu, kuma ya kashe shekaru a kanka. Abin da nake zato shi ne bai ga abin da kake son bincikawa ba. Sunan ƙasa ya ji, da kalmar tsiraru, da cewa mai duba aikin ba Musulma ba ce. Don haka idan za ka koma wurinsa, kada ka tafi da takardar gurbin karatu a hannu. Tafi da Muhtasar ɗin da ya karantar da kai, ka roƙe shi ya sake bi da kai ta wurin da aka yi maganar ba da amana, wato ba wa wanda ba Musulmi ba kariya, a babin jihadi, da mas'alar matar wanda ya ɓace a babin idda. Ka ba shi labarin matan nan kamar yadda ka ba ni, ka tambaye shi abin da zai ce musu. Malamin kirki idan aka kawo masa mas'ala mai rai ba ya iya kau da kai. Daga nan sai ka nemi ya yarda ka riƙa aiko masa da taƙaitaccen kowane babi da Larabci kafin ka miƙa, ya gyara maka abin da ya shafi naƙalin mazhaba. Idan ya amince, ka sami mai tsaron bayanka da babu irinsa a waccan jami'ar. Idan ya ƙi, kada ka yi jayayya da shi, kada kuma ka kai maganarsa wurin wasu. Nemi addu'arsa, ka ci gaba da gaishe shi. Izininsa ba sharaɗi ba ne a kanka, amma yanke alaƙa da shi asara ce da za ka daɗe kana jin zafinta.

Ka kuma tuna masa, cikin hikima, cewa wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinmu. Sahabbai sun nemi mafaka a Habasha wurin sarki Kirista tun a shekara ta biyar bayan aiko Annabi (SAW), Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a miƙo su, Najjashi ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya ƙi miƙa su. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta ce idan wani daga mushirikai ya nemi ka tsare shi, ka tsare shi har ya ji maganar Allah, sannan ka kai shi inda zai aminta. Ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba wani mutum kariya, ɗan'uwanta Aliyu yana neman kashe shi, Annabi (SAW) ya tabbatar da kariyarta. Imam Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan hukuncin wanda aka ba amana a littafinsa na Siyar, Sarakhsi ya yi masa sharhi. A tarihi ma abin bai tsaya a takarda ba. Daular Usmaniyya ta karɓi Yahudawan da aka kora daga Andalus a 1492, kuma a 1849 ta ƙi miƙa wa Rasha da Ostiriya jagororin tawayen Hangari da suka fake a ƙasarta. A 1860 Amir Abdulƙadir na Aljeriya, shi kansa yana zaman gudun hijira a Dimashƙ, ya ɓoye Kiristoci masu yawa a gidansa lokacin da ake karkashe su.

Sai dai a nan ne zan ja kunnenka, domin ramin da ke wannan ɓangaren ya fi kusa da kai fiye da wanda Malam yake tsoro. Abu ne mai sauƙi ka jero waɗannan misalai, ka rufe da cewa Musulunci ya riga yarjejeniyar Jeniba ta 1951 a kan 'yan gudun hijira da ƙarnuka goma sha huɗu, a tafa maka, ka zauna. An rubuta irin wannan sau da yawa, kuma bai ciro ko mace ɗaya daga halin da take ciki ba. Binciken yana farawa ne daga inda abubuwan biyu suka saɓa. A fiƙihu mutum ɗaya, namiji ko mace, yana iya ba da amana ta hau kan al'umma. A yau hukuma ce kaɗai ke ba da mafaka. Malamai da yawa sun sa wa amana wa'adi, Shafi'awa suna maganar wata huɗu, Hanafawa suna cewa kada ta kai shekara, alhali akwai waɗanda aka haifa a sansani har suka haihu a can. Babin amana an gina shi ne a kan wanda ba Musulmi ba da ya shigo ƙasar Musulmi. Musulmin da ya bar wata ƙasar Musulmi zuwa wata, malaman da ba su ga yana buƙatar izinin kowa ba. To ga mu a zamanin fasfo da kan iyaka, inda 'yan Siriya suka kwarara Turkiyya da Labanon da Jodan, 'yan Afganistan suka cika Pakistan da Iran, Rohingya fiye da dubu 700 suka tsallaka Bangaladash a 2017. Labanon da Jodan da Pakistan da Bangaladash duk ba su shiga yarjejeniyar 1951 ba, Turkiyya kuma ta shiga ne da sharaɗin cewa cikakken matsayin ɗan gudun hijira na waɗanda suka fito daga Turai ne. Me Shari'a ta ɗora wa irin waɗannan hukumomi? Sashe na 33 na yarjejeniyar ya hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. Yaya za ka karanta wannan tare da sulhun Hudaibiyya, inda aka mayar wa Ƙuraishawa Abu Jandal, Musulmin da ya gudo daga Makka yana cikin mari, da kuma ayar Mumtahana da ta hana mayar da mata muminai? Waɗannan tambayoyi suna jiran wanda ya san littafin ya kuma san dokar, kuma irinku ba ku da yawa.

Yanzu ga shafukan da kake tsoro. Maganinsu ɗaya ne, ka karanta su gaba ɗaya kafin wani ya karanto maka rabinsu a bainar jama'a. Sharuɗɗan da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, masu magana a kan tufafin ahlul zimma da hawansu da gina wuraren ibadarsu, suna nan, Ibnul Ƙayyim ya yi musu dogon sharhi, kuma masana sun yi saɓani a kan ingancin jingina su gare shi. Maganar Imam Ƙarafi ma tana nan a cikin littafinsa Furuƙ, inda ya lissafa kyautatawar da ake bin Musulmi ga waɗanda ke ƙarƙashin amanarsu, har da ciyar da mayunwacinsu, tufatar da maras tufa, da kare su daga mai zaluntarsu. Idan ka ɓoye na farko ka zama mai talla, idan ka ɓoye na biyu ka zama abin da Malam ya faɗa. Aikinka shi ne ka rarrabe abin da yake nassi, da abin da yake ijtihadin malami a zamanin da ake tsara duniya bisa yaƙi da sulhu tsakanin dauloli, da abin da sarakuna suka aikata a zahiri, wanda sau da yawa ya fi littafi sassauci, wani lokaci kuma ya fi shi tsanani. Ka bi diddigin yadda Musulmi da kansu suka sake duba lamarin: dokar Usmaniyya ta 1856 da ta daidaita talakawan daular ba tare da duba addini ba, da sanarwar Marakesh ta 2016 wadda Shaikh Abdullahi bin Bayya ya jagoranta, ta ɗauki takardar Madina, yarjejeniyar da Annabi (SAW) ya ƙulla tsakanin mazauna Madina har da Yahudawa, a matsayin tushen zama 'yan ƙasa ɗaya. Ba dole ka yarda da kowannensu ba, amma dole ka san hujjarsu da hujjar masu sukarsu. Kada ka manta cewa mu ma tsiraru ne a wurare da yawa, kuma mazhabarka tana da tsohuwar muhawara a kan haka. Wansharisi ya tsananta, ya wajabta wa Musulmin Andalus yin ƙaura bayan ƙasar ta koma hannun Kiristoci, alhali Maziri tun kafin shi ya nema wa Musulmin Sisili da alƙalansu uzuri.

Kuma kada ka shiga ɗakin taro kamar wanda ake tuhuma. Dokar duniyar ita ma tana da nata tarihin da za a tambaye ta a kai. Yarjejeniyar 1951 da farko ta taƙaita ne ga abubuwan da suka faru kafin wannan shekara, kuma ta bar wa ƙasashe damar taƙaita ta ga Turai, sai a 1967 aka cire wannan shinge. Dalilai biyar na tsanantawa kawai ta sani a matsayin hujjar neman mafaka, launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ce a 1969 ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da wanda ya gudu saboda mamaya ko rikicin da ya dagula zaman lafiya. Sashe na 27 na yarjejeniyar haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ya kare addini da harshe da al'adun tsiraru, amma Faransa da za ta shiga sai ta ce wannan sashe bai shafe ta ba. Wanda ya san waɗannan yana magana da takwarorinsa ne kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ka rubuta a matsayin fanninka ya yi faɗi ƙwarai. Mafaka da haƙƙin tsiraru aikin rayuwa ne, ba na shekara uku ba. Kundin digiri na uku tambaya ɗaya yake so, ƙarama, mai zurfi, kuma ina ganin matan sansanin sun riga sun ba ka ita. A mazhabar Malik matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi tana kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar mutuwa, kuma malamai sun bambanta hukuncinsa da na wanda ya ɓace a ƙasar abokan gaba ko a fagen faɗa tsakanin Musulmi. Hanafawan farko sun ce ta jira har sa'o'insa su ƙare, wahalar da hakan ya jawo ta sa dokar iyali ta Usmaniyya ta 1917 da dokar Indiya ta 1939 suka jingina ga ra'ayin Malikawa. To macen da ke sansani a ƙasar da ba tata ba, babu alƙalin Musulunci, babu takardar aure, wa za ta kai wa ƙara? Khalil, mai Muhtasar, ya ce idan babu alƙali ko mai mulki, jama'ar Musulmi suna tsayawa a matsayinsu. Su wane ne jama'ar Musulmi a sansani? Idan suka raba auren, hukumar ƙasar za ta amince? Sashe na 12 na yarjejeniyar 1951 ya ce dokar ƙasar da ɗan gudun hijira yake zaune ce ke hukunta al'amuransa na iyali, tare da mutunta auren da ya riga ya ƙulla. Idan mijin ya ɓulla daga baya a wata ƙasa ya nemi a haɗa shi da iyalinsa fa? Wannan bincike Malam zai gane shi, farfesar za ta gane shi, kuma akwai mai jiran amsarsa. Sauran manyan batutuwan za ka shige su a hankali bayan ka kafu.

Rashin Musuluncin farfesar ba shi ne abin dubawa na farko ba. Akwai waɗanda ba Musulmi ba masu adalci da sanin littattafanmu, akwai kuma Musulmi da za su matsa maka ka rubuta abin da zai faranta wa wata gwamnati rai. Abin da za ka bincika shi ne ko tana karanta Larabci. Idan ba ta yi, nemi a haɗa maka mai dubawa na biyu masanin fiƙihu, ko daga wata jami'a ne. Wannan abu ne da aka saba yi. Karanta maƙalunta biyu ko uku ka ga yadda take mu'amala da ra'ayin da ba ta so. Nemi waɗanda suka gama a hannunta ka tambaye su ko tana karanta aiki a kan lokaci, da yadda take yi idan ɗalibi ya saɓa mata. Sannan ka zauna da takardar tallafin layi bayan layi: daga ina kuɗin ya fito, ko mai bayarwa yana da ikon hana buga sakamako, me zai faru idan shekara uku ta cika ba ka gama ba, domin da yawa ba sa gamawa a cikinta. Idan ka ga sharaɗin da ya ɗaure maka baki, wannan kaɗai ya isa ka bar gurbin, kuma ka koma ka ce wa Malam ya yi gaskiya.

Maganar kasuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Da wuya ka ga an tallata kujera da sunan wannan fanni kacokan, kuma mai irin karatunka yakan faɗa tsakani, tsangayar lauyoyi ta ɗauke shi malamin addini, sashen addini ya ɗauke shi lauya. Kariyarka ita ce ka riƙe darasi ɗaya na asali da kowace tsangaya take buƙata, kamar dokar iyali da gado ko dokokin ƙasa da ƙasa, ya zama shi ne abincinka, binciken mafaka kuma shi ne sunanka. Kada ka ajiye aikinka na yanzu. Nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, ka san shekarun da za a ɗaure ka da su bayan dawowa. Yi ƙoƙari ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu a mujallun da masana ke tacewa kafin ka gama, ka kuma riƙa rubutu da Larabci ko da harshen mutanenka, don kada ilimin ya tsaya a wurin waɗanda ba su ne masu matsalar ba. A wajen jami'a ma akwai ƙofofi. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun zakka a 2019, abin da ke buƙatar masu fahimtar fiƙihu da tsarin agaji a tare. Kotunan mafaka kuma suna neman rahoton masana a kan dokokin ƙasashen da mutane suka gudo. A wannan aikin na ƙarshe ka yi taka-tsantsan. Kotu za ta tambaye ka abin da dokar wata ƙasa ke yi wa wanda ya canza addini ko macen da ta guje wa auren dole, kuma amanarka ita ce ka faɗi abin da ke faruwa, ko ya yi wa lauyan da ya kira ka daɗi ko bai yi ba. Bayanin abin da wata hukuma ke aikatawa daban, fatawa daban, kuma ka riƙa bayyana wanne kake yi, domin rubutu a irin waɗannan batutuwa yakan jawo wa mutum fitina daga inda bai zata ba.

Baba kuwa abin da yake so a fili yake, ya ga ɗansa ya tsaya da ƙafarsa kusa da shi. Kuma zaɓinsa ba na banza ba ne. Wanda ya zauna a kotu ya ga yadda ake shari'ar aure da gado da idonsa yana da abin da ɗakin karatu ba ya bayarwa. Idan tafiyar ta ƙi, wannan hanya ce mai mutunci, kana iya yin digirin a jami'ar da kake, ka nemi ziyarar bincike ta 'yan watanni a cibiyoyi irin ta nazarin 'yan gudun hijira da ke Oxford ko ta Jami'ar Amurka da ke Alƙahira. Idan za ka yi masa magana, bar batun ƙa'idojin ilimi. Gaya masa yaushe za ka tafi, yaushe za ka dawo, wane aiki ke jiranka, wa zai kula da abin da kake kula da shi a gidansa. Idan akwai wani babba da yake jin maganarsa, tafi da shi.

Na bar matarka zuwa yanzu ne don ita ce ta fi kowa haƙƙi a wannan magana, kuma ita kaɗai ce ba ka kawo mini ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Ka ce ba ta ce uffan ba. Ka tambaye ta kuwa? Mace takan yi shiru don kada a ce ita ta tare wa mijinta ci gaba, kuma wannan shirun ba yarda ba ne. Ka fi ni sanin cewa ciyarwa da zama tare haƙƙinta ne da ya wajaba a kanka, digiri na uku kuwa bai wajaba ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi nesa da matansu, alhali jihadi suka tafi. Zai zama abin kunya mutum ya tafi rubuta kundi a kan matan da mazajensu suka yi nisa, ya bar tasa tana lissafin watanni ba tare da an shawarce ta ba. Ka keɓe lokaci, yara sun yi barci, ka shimfiɗa mata komai: nawa ne tallafin, me zai rage bayan haya da abinci, ko albashinka zai ci gaba da fita. Ka tambaye ta abin da take tsoro, ka yi shiru ka ji, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi maka daɗi ba. Wataƙila kaɗaici ne, wataƙila zama da dangi ne, wataƙila tsoron ka canza ne, wataƙila kuma ita ma tana da karatu ko sana'ar da tafiyar za ta katse. Dokokin bizar iyalan ɗalibai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma suna yawan canzawa, don haka ka tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'ar kai tsaye, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Akwai tsaka-tsaki da yawa: ka tafi shekarar farko kai kaɗai su biyo ka, ko ka tsara aikin yadda shekarar tattara bayanai za ta kasance kusa da gida, ko ka nemi a ɗage maka gurbin da shekara ɗaya ku shirya. Idan bayan duk wannan ta ce ba za ta iya ba, ka ɗauki maganarta da nauyin da ya fi na Malam da na farfesa.

Akwai kuma waɗanda ba su da baki a wannan shawara, su ne matan da za ka koma ka yi wa tambayoyi. Mutumin da ya rasa komai yakan amsa duk abin da mai riƙe da biro ya tambaya, yana zaton taimako ne zai biyo baya. Ka bayyana musu cewa bincike kake yi, kada ka yi alƙawarin da ba ka da iko a kansa, ka ɓoye sunayensu da duk abin da zai sa a gane su, domin magana ɗaya tana iya lalata wa mace neman mafakarta ko ta jefa danginta da ke gida cikin haɗari. Jami'ar za ta sa ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike. Kada ka ɗauke shi a matsayin cika takarda.

Gurbin karatu yana da ranar rufewa, don haka a wannan makon ka rubuta wa farfesar, ka tambaye ta batun mai dubawa na biyu, da yiwuwar ɗagewa, da ra'ayinta a kan taƙaita binciken ga matan waɗanda suka ɓace. Yadda za ta amsa zai nuna maka irin zaman da za ku yi. Kafin amsarta ta iso ka zauna da matarka, sannan Baba, sannan ka ɗauki littafinka ka nufi wurin Malam. Ka yi istihara, kuma idan ka sami amsar farfesar ka sake rubuto mini mu duba ta tare. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya sanya albarka a iyalinka.